Keke, rairayi da kuɗin asusu: daga Gidan Rumji zuwa Gazawa

 

Tun bara maganar keke take ta dawowa wurin zubi. Wannan ta ce a ba ta bashi ta saya wa ɗiyarta da ta samu shiga kwaleji. Waccan ta ce kuɗin kabu-kabu ya cinye mata ribar ƙuli-ƙuli. Wata kuma ta ce kul, kada a zuba kuɗin mata cikin ƙarfen da maza za su hau su bar mu da biya. Gardama ta ƙi mutuwa. To da tafiyar ziyarar ƙungiyoyin Agye da Gazawa ta taso, mu huɗu da aka tura sai aka ƙara mana aiki: ku buɗe ido a hanya, ku gano mana wa ke hawan keke, ina yake zuwa da shi, kuma mi keken yake ci.

Hanya ɗaya ce ta haɗa mu duka. Kwaltar da ta taso daga Yamai ta biyo Ƙonni da Madawa, ita ce ta ratsa Gidan Rumji, ta bi ta Tsibiri da Maraɗi, ta miƙe gabas zuwa Caduwa, Agye, Gazawa, Tasawa, har Damagaram. A takarda sunanta hanyar ƙasa mai lamba 1. Daga ƙofarmu zuwa Gazawa wajen kilomita 150 ne. Amma yawancinmu ba bakin kwalta muke zaune ba, ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Da sassafe a tashar Gidan Rumji babura ne suka cika ido. Ƴan kabu-kabu sun jeru, kowa ya naɗe fuska saboda hazo, gefensu ga ƴan ruwa-ruwa da kwalaben mai bisa tebur. Shekara da shekaru man Nijeriya mai araha ne ya riƙe baburan ƙasar nan. Ran 29 ga watan Mayu na 2023 shugaba Bola Tinubu ya cire tallafin mai, kuɗin kwalba ya yi tsalle. Ba a daɗe ba aka rufe iyaka, ba a sake buɗe ta ba sai watan Maris na 2024. Muna da matatarmu ta SORAZ a Damagaram tun 2011, kuma a watan Yuli na 2024 gwamnati ta sauko da lita daga sefa 540 zuwa 499, amma duk da haka a watan Maris na 2025 mai ya yi ƙaranci, aka yi ta layi a gidajen mai. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan mun ji shi a ƙullin bakin zanenmu. Ɗan kabu-kabu ba shi da laifi, abin da ya saya shi zai sayar. Sai dai kun lura, in mai ya hau kuɗin hawa yakan bi shi a guje, in mai ya sauko kuɗin hawa yakan mance hanya.

Kekuna suna nan a tashar, don ba su da kuka ne ido ke tsallake su. Ga dattijo da buhun wake a kariya, ga mai burodi da kwandonsa, ga yaro ya rataya jarka biyu yana rangaji da su. Jarka mai lita 25 kilo 25 ce, biyu ke nan kilo 50, nauyin da da a kan wata da wuyanta zai hau, sawu biyu. Ƴan mata ƙanana mun gan su bisa keke. Mace mai aure, ko ɗaya.

Kafin mu kama hanya sosai sai da muka ratse ƙauyen ɗaya daga cikinmu, arewa da kwalta, don ta bar saƙo gida. Da barin kwalta da kaɗan hanya ta koma rairayi. Muka cim ma wani saurayi ya sauka yana tura kekensa, gumi sharkaf cikin sanyin nan, amalanken shanu ya zo ya wuce shi, yaron da ke kora yana yi masa dariya.

Kowace manomiya ta san ƙasarmu: akwai jigawa, akwai geza, akwai fadama. Abin da ya raba su wurin shuka shi ya raba su wurin keke. Jigawa mai ba mu hatsi da wake, ita ce abokiyar gabar keke: taya ta nutse, kai ya riƙa karkacewa, cinya ta mutu. Geza mai tauri, wadda ke ba mai hauya wuya, ita ce aminiyarsa. Fadamar Gulbin Maraɗi da rani takan bushe ta yi ƙarfi a bi ta lafiya, amma da damina in gulbi ya kawo ruwa daga wajen Jibiya, laka takan cushe tsakanin taya da ƙarfe har keken ne zai hau mai shi. Hanyar burji ita ce ta biyu bayan kwalta, ko da yake girgizarta tana kwance duk wani noti.

Masu hawa kullum suna da dabarunsu. Ba su bin tsakiyar hanya inda amalanke ya tone, gefe suke bi inda ciyawa ta riƙe ƙasa. Sukan rage iskar taya kaɗan don ta baje bisa yashi. Bayan an yi ruwa kuwa jigawa takan kwanta ta yi daɗin bi kwana ɗaya ko biyu. Amma gefen hanyar nan shi ne gidan tsidau, kuma tsidau bai san tausayin taya ba.

Saboda haka duk mai son keke, kafin ta je kasuwa, ta fara taka hanyarta da ƙafa tana lura: nawa ne rairayi, nawa ne tauri. In rabin tafiyar turawa za a yi, kaya aka ƙara wa kai. Irin wannan ƙauye jaki da amalanke ne sarakansa, kuma babu kunya a faɗi haka. Mai naƙuda ma, ko hanya ta kai kwalta kyau, ba a kai ta likita a keke.

Mun iso Tsibiri, garin Sarkin Gobir, daidai lokacin da yara ke tashi daga lakwal. Nan ne muka ga ƴan mata bisa keke da yawa, hijabi yana kaɗawa, wata ta goyo ƙanwarta, wata ta ɗaure littattafai a kariya da igiyar roba. Mun daɗe muna kallonsu.

Kun san yadda abin yake. Ƙaramar lakwal kusan kowane gari akwai. Kwaleji kuwa sai babban gari. Yarinya ta gama aji shida, ta ci gaba, sai a tarar kwalejin yana kilomita 8 ko 10. Mai tafiya a ƙasa yakan ci kilomita 4 zuwa 5 cikin awa ɗaya. Awa biyu zuwa ke nan, awa biyu dawowa, ban da daka da ɗibar ruwa da ke jiranta. Ko kuwa a ba da ita riƙo gidan wani a birni, abin da iyaye da yawa ba su yarda da shi, mu ma ba mu ga laifinsu ba. Sai a ce ta zauna gida tukuna. Kafin shekara ta zagayo an sa rana. Keke a hanya mai tauri yana cin kilomita 12 zuwa 15 a awa. Awa biyun nan ta dawo minti 45, kuma yarinya ta kwana ɗakin uwarta.

An gwada wannan a wata ƙasa. A jihar Bihar ta ƙasar Indiya, cikin 2006, gwamnati ta shiga ba duk yarinyar da ta kai aji 9 kuɗin sayen keke. Da masu bincike suka bi sawun abin, sai suka tarar yawan ƴan matan da ke shiga sakandare a kan lokacinsu ya ƙaru da kashi 32 cikin 100, kuma ƙarin ya fi yawa a ƙauyukan da makaranta ta yi wa nisa. Talakawa ne manoma kamarmu, masu aurar da ɗiya da wuri kamarmu.

Sai dai kwaltar nan ba ta da imani. Manyan motoci da bas-bas masu zuwa Damagaram suna gudu kamar an koro su, iskarsu kaɗai ta isa ta ka da yarinya. Wata uwa da muka sha ruwa gidanta ta ce ita dokarta ba ta da yawa: su tahi tare da ƴan uwansu, in sun ji babbar mota su sauka gefe su tsaya, kuma ba a fita kafin gari ya waye, ba a kai magariba waje. Mu da tun 2019 muke karɓar ƴan gudun hijira daga Sakkwato, Zamfara da Katsina, ba sai an yi mana bayanin ta ƙarshen ba.

Maraɗi muka kwana. Da safe muka shiga wurin masu kekuna. Akwai sababbi daga Sin da Indiya, fenti yana walƙiya, akwai na gwanjo waɗanda Turawa suka hau suka gaji, masu giya da siririyar taya. Tsofaffinmu har yanzu Raleigh suke tunawa, Rali a bakinsu, keken Ingila wanda har a Kano aka riƙa haɗa shi. Zamanin gyaɗa, in manomi ya kai awo ya dawo da Rali da rediyo, to ya isa shiga neman aure. Bayansa Phoenix na ƙasar Sin mai tambarin tsuntsu ya cika ƙasa, da Hero na Indiya.

Masu sayarwa kowa nasa yake yabo, don haka muka bar su muka zauna wurin wani tsoho mai gyara ƙarƙashin bedi, kwano da ruwa gabansa yana neman inda iska ke fita. Muka gaisa, muka faɗa masa abin da ya kawo mu. Ya yi dariya ya ce, "Hajiyoyi, kun zo inda ya dace. Mai saidawa ya san keke ran aurensa, ni na san shi ran ciwonsa."

Ɗaya daga cikinmu ta nuna wani ja mai giya, ta ce, "Baba, wancan fa?"

"Wanga na birni ne, ɗiyata. Giyan nan da kika gani rataye kusa da ƙasa, rairayi shika ci. In ta lalace garinku, wa za ya gyara miki? Sai ki ɗauko shi a mota ki kawo mini, kuɗin mota ya fi kuɗin gyara."

Abin da ya fi nanatawa shi ne kayan gyara. Ya ce kafin ki sayi keke ki tambayi mai facin kasuwarku wace taya yake da ita. Ana samun na gwanjo mai kyau da araha, amma girman tayarsa ba irin na ƙasar nan ba, ran da ta mutu sai keken ya koma abin shanya. Ya ce a nemi taya mai faɗi, da kariya mai kauri wadda aka ɗaure da ƙarfe biyu kowane gefe, don mu kaya muke ɗorawa. In na hannu ne, a ɗaga shi a juya ƙafar a gani ko tana rawa, a girgiza ta a ji ko boris ya ci, a matsa birki, a duba maɗaurin ƙarfe ko an taɓa yi masa walda an rufe da fenti. "Ku bar duban fenti," in ji shi. "Fenti ba ya tahiya."

Ya nuna mana yadda ake yanke tsohuwar taya a shimfiɗa ta cikin sabuwa don ƙaya ta sha wuyar kai wa robar ciki. Ya ƙara nauyi kaɗan, amma ya rage zuwa wurin mai faci. Ya kuma yi faɗa kan masu yi wa sarƙa wanka da baƙin mai. Mai da yawa ƙura yake kamawa, ƙura da mai kuwa in sun haɗu sai su riƙa cin ƙarfe kamar dutsen niƙa. A ɗiga kaɗan, a goge da tsumma. Famfo da kayan faci kuma a saye su ran da aka sayi keken, kada a ce sai daga baya.

Abin mamaki, maganar tsohon nan ita ce ta wata ƙungiya mai suna World Bicycle Relief, wadda aka kafa a 2005. Da suka zauna ƙera keke don ƙauyukan Zambiya, Kenya da Malawi, abin da suka fito da shi, mai suna Buffalo, ƙarfe ne mai nauyi, ba tarkace, kariyarsa tana ɗaukar kilo 100, kuma inda suka raba shi sai sun koya wa wasu gyara. Ba mu ci karo da shi a Maraɗi ba, amma siffarsa ke nan abin nema.

Da za mu tashi ya ce, "In na mata kuka so, ku ɗauki wanda babu sanda a tsakiya, kuma ku tabbata sarƙa tana da murfi. Zane da hijabi in sunka shiga sarƙa, faɗuwa ce." Muka yi godiya, ya ƙi karɓar ko dala, sai goro.

Caduwa mun wuce ta a mota, buhunan aya jibge bakin hanya. Daga nan har Agye gonaki cike suke da itace, gawo da kalgo da sabara, albarkar sassaben zamani da mutanen wannan yanki, irin su Ɗan Saga, suka yi suna a kansa. Itacen girki ya matso kusa da gida, mun ga yara suna kawo shi ɗaure a kariya. Ƙaya ma ta matso, mai faci ba zai yi kukan rashin ciniki ba.

A Agye ƴan ƙungiya suka tarbe mu da fura. Da muka ɗauko zancen keke, duk suka juya suna kallon wata mai sayar da man gyaɗa, suna dariya tun ba ta buɗe baki ba. Ta ce keke biyu ta taɓa saye. Na farko na maza ne, baƙi, mai sanda. Kwana uku ya yi ɗakinta. Ƙanen maigida ya are shi zuwa kasuwa, ɗan maƙwabta ya are shi zuwa ƙwallo, maigida ya ce ai na gida ne. Ita ke biyan faci, ita ce ba ta ganinsa. Da ya mutu ta bari aka fasa asusu, ta sayi na mata, ta sa aka shafa masa fenti ruwan hoda, ta ɗaura kwando gaba. "Yau shekara biyu," in ji ta, "ba namijin da ya ce in ara mishi. Kunya suka ji." Ta kuma sa mai saidawa ya rubuta takarda da sunanta, ta kawo ta wurin zubi aka karanta gaban kowa. Wannan dabarar mun ce sai mun kawo muku ita.

Muka tambaye ta wa ke hawa. Ta ce ɗiyanta mata biyu, su ke kai mai kasuwa, su ke kai niƙa. Ita kanta sai in za ta gona da sassafe, ta bayan gari. Nan zance ya yi zafi. Wata ta ce matar aure bisa keke abin magana ne, mijinta ba zai yarda ba, ita ma ba za ta nema ba. Sai wata tsohuwa da tun ɗazu ba ta ce komai ba ta gyara zama ta ce, "Ke ɗiyata, mu da jaki munka tashi, ba wanda ya ce mun yi abin kunya. Yanzu ke ce kullum bayan ɗan kabu-kabu, namijin da ba ki sani ba, in ya taka birki ki faɗa mishi. Wanne ya fi sutura, wannan ko ki tuƙa kanki?" Wuri ya yi tsit, sannan aka bushe da dariya. Mu dai ba mu zo da fatawa ba, kowace ta san gidanta da mijinta. Amma tambayar tsohuwar ba wadda ta amsa ta.

Mata masu hawan keke ba sabon abu ba ne a duniya. Duk wadda ta taɓa zuwa Wagadugu ta ga mata da goyo a baya da kayan miya a kariya, ba mai waiwayensu. A gundumar Pudukotai ta kudancin Indiya kuwa, wata mace mai mulkin gundumar, Sheela Rani Chunkath, ta haɗa koyon keke da yaƙi da jahilci, mata fiye da 100,000 na ƙauye suka koya. Da kekunan mata suka ƙare a kasuwa sai suka hau na maza. An fara wannan a 1991, shekarar da CARE ta fara Mata Masu Dubara a nan jihar Maraɗi. Namu asusun ya bazu har ya kai ƙasarsu. Nasu keken ne bai iso mu ba.

Gazawa ba nisa daga Agye. Ƙasar kaba ce, tabarmi da igiya da faifai ko'ina, kayan da ba su da nauyi sai girma, irin wanda keke ke so. A nan ne muka zauna lissafi, don ma'ajiyarsu mace ce mai kai, ba ta yarda da zancen da babu ƙirga ciki.

Farashin keke yana tafiya da canjin naira da irin keken, kowace ƙungiya ta aika a tayo mata. Don lissafi kawai, mu ƙaddara jika 60 ne. Mu ƙaddara kuma mace tana cin kasuwa biyu a mako, kowace jika ɗaya zuwa da dawowa a kabu-kabu. Jika 2 ke nan a mako, jika 104 a shekara. In keke ya ɗauke mata wannan, cikin mako 30 ya biya kansa, a ƙara wasu makonni don faci da ranakun laka. Har nan kowa ta yi murmushi.

Sai ma'ajiya ta ce a tsaya. Bashin asusu na wata ɗaya zuwa uku ne, kuma ƙungiyoyi da yawa suna ɗora dala ɗaya bisa kowace dala goma duk wata. An yi shi ne don sana'ar da ke juyawa da sauri: ki sayi gyaɗa yau, ki sai da mai jibi. Keke ba ya juyawa haka. Wadda ta ci bashin jika 60, jika 6 ke hawa kanta duk wata, alhali abin da keken ya tsirar mata a watan jika 8 ne. Jika 2 suka rage, mai faci yana jiran nasa. In ta yi wata shida tana sabunta bashin, ta biya jika 36, uwar kuɗin kuma tana nan ba ta motsa ba. Keken ƴar lakwal kuwa ba ya kawo ko dala, kamar littafi yake. Ta ce ita a akwatinsu ba ta goyon bayan a fitar da bashin keke, kuma mun ga gaskiyarta.

Hanya biyu suka bi maimakon haka. Wasu sukan jira ran fasa asusu su saya da rabonsu. Wasu kuma sun buɗe adashi dabam, na keke kaɗai. Mata 15, kowace jika ɗaya a mako, duk mako huɗu an haɗa jika 60, keke ɗaya ya shigo gari. Cikin mako 60 kowa ta samu, ba a ɗora wa kowa komai ba. Ba su yi ƙuri'a wurin ɗauka ba: masu ɗiya da za su shiga kwaleji su aka sa gaba, don keken ya riga watan Oktoba isowa.

Wata ta kawo maganar akuya, kuma magana ce mai nauyi. Kuɗin keken nan zai sayi jar akuyar Maraɗi, mai yawan haihuwar tagwaye. Akuya tana ƙaruwa, keke raguwa yake yi, ran da kika matsu kika kai shi kasuwa ba za ki mai da kuɗinki ba. Aka amsa mata cewa keke ba ya cin dusa da bazara, ba ya shiga gonar maƙwabci a ci ki tara. Ra'ayinmu a nan: wadda ba ta da tafiyar da take yi duk mako, ta sayi akuyarta. Keken da ke jingine a zaure yara ne za su kashe shi.

Keken ƙungiya na haya ma sun gwada. Ya yi wata biyu kowa na hawa ba mai gyara, sai da suka damƙa shi hannun mace ɗaya, ita ke karɓar kuɗin wuni tana sakawa a gwangwani, ita ke duba taya da birki in an dawo da shi, kuma kafin magariba yake shiga ɗaki. Daga gwangwanin ake gyara, abin da ya saura ya shiga akwati.

Da la'asar, muna shirin neman mota, suka ce mu zo mu ga wani abu. Bayan gari akwai masussuka, ƙasa mai tauri, an share ta. Ƴan mata uku ƴan kwaleji ne ke koya wa iyayensu. Ma'ajiyar nan mai tsananin lissafi ce bisa sirdi, ta ɗaure zane bisa wando, ɗiyarta ta riƙe kariya tana bin ta a guje tana cewa, "Inna, ki dubi gaba, ki bar duban feda!" Ta yi zagaye ɗaya, ta yi na biyu. A na uku yarinyar ta saki, Inna ba ta sani ba, ta tafi ita kaɗai har gindin gawo kafin ta waiwaya ta gani, ta sa ƙafa ƙasa tana salati.

Tsohon nan na Maraɗi ya ce in muka turo masa yara biyu zai koya musu faci da ɗaurin birki cikin mako guda, mata ko maza, abincinsu kawai za mu ɗauka. Ƙungiyar da ke da yarinya mai so ta ba shugabarta suna kafin taron tarayya mai zuwa.

 Sai mun haɗu wurin zubi.